Ofishin FSA na gunduma: tallafin yana zuwa, amma sai mai haƙuri da takarda

Manomin masara, alkama ko waken soya a karkarar Amurka, idan zai nemi tallafin gwamnati, ofishin FSA na gundumarsa yake nufa, wato reshen Ma'aikatar Noma ta ƙasar. A nan ake ba gona lamba, a nan kuma ake zaɓar ɗaya daga shirye-shirye biyu da dokar noma ta 2014 ta kawo, PLC, mai kare manomi daga faɗuwar farashi, da ARC, mai kare shi daga faɗuwar kuɗin da amfanin gona ke kawowa.

PLC yana biya ne idan matsakaicin farashin shekara a faɗin ƙasa ya faɗi ƙasa da farashin da doka ta tsayar. Dokar 2025 ta ɗaga na masara daga dala 3.70 zuwa 4.10 kan bushel guda, kimanin kilo 25 ke nan, alkama daga 5.50 zuwa 6.35, waken soya daga 8.40 zuwa dala 10. A misali, a ce gona tana da eka 100 na masara a rajista, an rubuta mata bushel 150 a kowace eka, farashin doka ya tsaya a 4.10, farashi kuma ya sauka zuwa 3.90. Giɓin santi 20 ne. Eka 85 kawai ake biya cikin 100, ka ga dala 2,550 ke nan, sannan a zaftare kashi 5.7 na tsuke kasafi, a bar manomi da kusan 2,405.

ARC na gunduma kuwa matsakaicin kuɗin da amfanin gona ya kawo a gundumar baki ɗaya yake dubawa, ba na gonarka kaɗai ba. Ƙanƙara tana iya ɓarnata gonarka kai kaɗai, maƙwabta su girbe lafiya, ka tashi ba ko sisi. Wannan yana ƙona wa mutane rai, kuma ya kamata a faɗa wa kowa tun kafin ya sa hannu.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake lissafin eka. Tarihin abin da gonar ta saba nomawa a shekarun baya ake bi, ba abin da aka shuka bana ba. Gona mai rajistar alkama tana iya karɓar kuɗin alkama alhali waken soya ne a cikinta. Sabon manomi da ya sayi filin da ba shi da wannan tarihi ya daɗe yana zama ɗan kallo, mai eka 10 ko ƙasa da haka ma yawanci ba ya shiga. Tunda kuɗin eka yake bi, manyan gonaki ne ke kwashe kaso mai tsoka, duk da iyakar dala 155,000 ga mutum guda da dokar 2025 ta sa.

Wajen takardu ake yawan tuntuɓe. Fom CCC-902 yana nuna wanda ke noman da gaske. CCC-941 shaida ce cewa matsakaicin kuɗin shigarka bai haura dala 900,000 ba, kuma ana tantance shi da hukumar haraji, don haka suna ko lamba da ba su yi daidai da na takardar haraji ba suna tsayar da biya. AD-1026 alkawarin kare fadama da ƙasa mai zaizaya ne. Rahoton shuka, FSA-578, yawanci 15 ga Yuli yake rufewa ga amfanin bazara, wanda ya makara sai ya biya kuɗin latti. Idan rabon amfani ake yi da mai gona, dole kowa ya sa hannu. Mutum ɗaya ya yi jinkiri, kwangilar duka ta tsaya. Mai gonar da ke karɓar tsayayyen kuɗin haya ba shi da kaso.

Aikin ofishin kansa abin yabo ne. Rajista kyauta ce, lissafin a bayyane yake, akwai kuma kwamitin gunduma da manoma ke zaɓa, wanda ake kai wa ƙorafi. Sai dai jinkirin biya babban aibi ne: kuɗin amfanin bana ba ya fitowa sai bayan 1 ga Oktoban baɗi, domin sai shekarar kasuwa ta ƙare ake sanin farashi. Mai bashin iri da taki kada ya ɗora biyansa a kan wannan kuɗi, gara ya haɗa da inshorar amfanin gona, ya kuma nemi ganin ma'aikaci tun cikin hunturu kafin cunkoson rajista.