Delta ɗan Amurka ko Wadkin ɗan Ingila: wanne wutar gidanka za ta iya tayarwa?

Wani ɗan'uwanmu malamin makaranta a Jega, wanda ke taɓa aikin kafinta a gida bayan an tashi, ya kawo tambaya. An yi masa tayin tsofaffin injinan zarto masu tebur guda biyu, 'yan gwanjo, kuɗinsu kusan ɗaya. Na farko Delta Unisaw ne, motonsa mai ƙarfin doki 1.5, an rubuta 115/230V da 60Hz a jikinsa. Na biyu Wadkin ne mai ƙarfin doki 2, amma na wutar layi uku. Shi kuwa gidansa layi ɗaya ne, sai janareta mai 2.5kVA. Wanne zai ɗauka, da me kuma zai tayar da shi?

Malam, ka yi dabara da ka nufi tsofaffin. Da tsohuwar zuma ake magani. Duka biyun teburinsu ƙarfen zubi ne, kowanne sai ƙarti huɗu sun haɗu kafin ya ɗagu, kuma wannan nauyin shi ke hana injin rawa idan ka tura masa madaci ko ƙirya. Kamfanin Delta ya fito da Unisaw tun 1939, Wadkin kuma a birnin Lesta na Ingila aka kafa shi a 1897. Ta fuskar gangar jiki ba zan ce wani ya fi wani ba. Inda suka rabu shi ne wajen wuta, kuma a nan Kebbi wuta ita ce maganar.

Bari mu fara da Delta, tunda na san shi ne ya fi kwanta maka a rai saboda ka ga layi ɗaya ne. Wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, wato 60Hz ɗin da ke jikinsa, tamu sau 50, wato 50Hz. Moton da aka yi don ya juya sau 3,450 a minti a can, idan ya zo nan ba zai wuce wajen 2,870 ba. Wannan kaɗai da sauƙi, ana canza fuli, wato ƙarfen da bel ke zagayawa a kansa, a dawo da gudun zarton. Abin da ya fi damuna zafi ne. Moton 60Hz da aka ba shi cikakken 230V a kan 50Hz yana jan wutar da ta wuce ƙa'idarsa ko da ba ya yanka komai, sai kwayil, wato wayar da aka naɗa a cikin moton, ya riƙa ɗumama. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu a Jega, lokacin da ma'auni ke haura 40, ka ƙara da garin katako da ya toshe masa hanyar shan iska. Zai yi aiki, ban ce ba zai yi ba. Na ga masu amfani da irinsa shekaru, amma yanka kaɗan ne a huta, kuma hannu na kan moton ana jin ɗuminsa. Sannan kafin ka sa shi a soket sai mai gyara ya buɗe akwatin wayoyinsa ya tabbatar an haɗa su a kan 230. Da yawa suna zuwa a haɗe kan 115, kuma wanda ya jona haka ya ƙona moto tun ranar farko.

Wani zai ce to a cire moton a sa namu na kasuwa. A nan Unisaw ke da taurin kai. Motonsa ba mai ƙafa ba ne irin wanda aka sani, wasu kunnuwa ne na musamman aka yi masa waɗanda yake rataye da su a cikin akwatin. Sai mai walda ya ƙera mazauni, kuma idan ya karkace ko kaɗan bel zai riƙa cinyewa, ko moton ya tokare jikin akwati duk lokacin da ka kwantar da zarto zuwa digiri 45.

Yanzu Wadkin. An yi shi don 50Hz, wato gudunsa da zafinsa daidai suke da wutarmu. Abin da mutane ke gani aibinsa, layi uku, ni a wurina shi ne alherinsa, kuma ga dalili.

Moton layi ɗaya, a daidai lokacin tashi, yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci idan ya daidaita. Doki ɗaya wat 746 ne. Moton doki 1.5 yana cin wajen amfiya 8 a kan 230V, amma a daƙiƙar farko zai nemi 40 ko fiye. Janaretanka mai 2.5kVA iyakarsa wajen amfiya 11. Ka ga ba su haɗu ba. Za ka ji janaretan ya yi nishi, zarton ya ɗan motsa yana gurnani, daga nan ko birika ta faɗi ko kafasita ta tafi. Don tayar da Delta kai tsaye sai ka nemi janareta mai 5kVA zuwa sama, wato ƙarin kuɗin da wataƙila ya kai na injin kansa. Ko wutar NEPA ce, ranar da ta zo da rauni, fanka na juyawa da ƙyar, moton ba zai tashi ba, kuma barinsa yana gurnani shi ke ƙona kwayil.

Moton layi uku kuwa akwai wata na'ura da ake kira VFD, girmanta bai kai bulo ba, tana karɓar layi ɗaya na 230V ta fitar da layi uku. Ba wannan kaɗai ba, tana tayar da moto sannu a hankali cikin daƙiƙa biyar ko shida yadda ka saita ta, don haka wannan fizgar wuta ta farko babu ita. Da ita janaretanka zai iya tayar da Wadkin, ya yi maka yankan filawud da katako mai inci ɗaya, muddin ba ka ɗora masa firij da dutsen guga a lokaci guda ba. Zan faɗa maka gaskiya, 2.5kVA a bakin iyakarsa zai riƙa aiki, idan ka shiga katako mai kauri za ka ji ya sunkuya, mai 3.5kVA ya fi dacewa idan hali ya samu. Haka nan idan wata rana ka haɗa sola da inbata mai 5kVA, wannan tashi a hankali shi zai hana inbatar kashe kanta. Moton Delta mai kafasita ba a sa masa VFD, don haka wannan ƙofar a rufe take gare shi.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma kada ka biya ko sisi kafin ka duba shi. Ka goge ɗan allon ƙarfen da ke jikin moton Wadkin ɗin ka karanta. Idan ka ga lamba biyu, kamar 220/380 ko 240/415, shi ke nan, mai gyara zai juya ƙarafunan da ke akwatin wayoyi zuwa ƙaramar lambar cikin minti goma. Idan lamba ɗaya ce, 400 ko 440, kamar yadda moton tsofaffin injinan Ingila da yawa yake, to VFD mai 230V ba za ta ba shi cikakken ƙarfi ba. Mai naɗin kwayil da ya san aikinsa zai iya buɗe moton ya fito da mahaɗar wayoyin kwayil ɗinsa uku waje don a iya juya shi zuwa ƙaramar wuta, ko kuma ka sayi wani moton layi uku mai lamba biyu ka ɗora. Ka sa wannan a lissafi lokacin ciniki. Ita kuma VFD ba ta shiri da ƙura da zafi: a kafa ta a bango nesa da inda garin katako ke tashi, cikin akwati mai shan iska, a riƙa hure ta musamman da hunturu.

Na san wasu za su ce a manta da lantarki, a ɗaura masa injin fetur da bel kamar injin niƙa. A wurin masu tsaga katako a fili wannan yana yi. A kan waɗannan biyun ban yarda ba, domin motonsu tare yake hawa da sauka da kwanciya da zarton, sannan injin fetur ba ya tsayawa nan take ranar da kake buƙatar ya tsaya, ga hayaƙi cikin gida.

Akwai bambanci na biyu da nake so ka ɗauka da nauyi, domin ya shafi yatsunka. Injinan Ingila sun daɗe suna zuwa da wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ke tsaye a bayan zarto, wuƙar baya nake kiransa. Aikinsa ya hana katakon da aka tsaga ya matse zarton. Tsofaffin Unisaw ba su da irinta mai hawa da sauka tare da zarto, abin da suke da shi an fi cire shi a yar tun a can. Katakonmu kuwa sau da yawa ɗanye ake sayar mana, yana fita daga bakin zarto yana murɗewa. Idan ya matse, haƙoran baya su ɗaga shi su harbo maka. Ni kaina guntun madaci ya taɓa samuna a haƙarƙari a kan injin da ba shi da wuƙar, na yi mako uku ban iya ɗaga guduma ba, kuma na gode Allah da hannuna bai bi katakon ba. Ka duba ko ta Wadkin ɗin tana nan. Idan ta ɓace, mazauninta na nan, a yanka maka wata da farantin ƙarfe wanda kaurinsa ya ɗan fi jikin zarto amma bai kai faɗin haƙoransa ba.

Ko wanne ka saya, makunninsa ya zama irin wanda ke kashe kansa idan an ɗauke wuta, sai an sake dannawa. Mu da ake ɗauke mana wuta ana tsakiyar yanka, mutum ya fita shan iska ya manta bai kashe ba, a dawo da ita yaro na wasa kusa da tebur. Wannan ba abin sakaci ba ne a gidan da ke da yara. VFD ana saita ta kada ta tashi da kanta, ka tabbatar mai haɗawa ya yi hakan a gabanka. A ja waya mai 2.5mm², ko 4mm² idan akwai nisa daga mita, a kuma kafa wayar ƙasa ta gaske a jikin injin.

Ranar da za ka je gani, ka tafi da dogon ma'aunin ƙarfe da sikwaya. Ɗora ma'aunin a kan tebur ta kowace kusurwa ka ga ko haske na wucewa ta ƙasa. Cire bel, juya sandar zarton da hannu: ƙara ko ɗan girgiza alamar boris ne, wannan gyara ne mai araha. Leƙa ciki da tocila ka duba ƙarafunan zubin da ke riƙe da zarto da haƙoran giyar ɗagawa da kwantarwa. Tsagewa a nan ita ce ba ta da magani mai kyau, domin ƙarfen zubi ba ya karɓar walda yadda sauran ƙarfe ke yi. Ƙarfen jagora ma, wanda katako ke jingina da shi lokacin yanka, ya kasance yana nan, yana kuma kullewa ba tare da motsi ba. Ka auna kaurin sandar zarton, tunda faifan zarton da ke kasuwanninmu wasu raminsu 30mm ne wasu 25.4mm, na Unisaw kuwa sandarsa inci 5/8 ce, kusan 16mm, sai da zoben da zai cike ratar ramin.

In ni ne kai, Malam, Wadkin zan ɗauka, in sayi VFD mai 2.2kW, in ci gaba da lallaɓa janaretan da nake da shi. Delta sai idan ka tarar da tsagewa a cikin Wadkin ɗin, ko kuwa mai shi ya sauko da kuɗi sosai har ragowar ta isa sayen babban janareta. Ka ɗauko hoton allon moton Wadkin ɗin ka turo, a karanta shi tare kafin ka kai kuɗi.