Daji a gida ko ɗakin gwaji a waje: amsa ga mai son binciken gadon namun daji

Ƙanwata, tambayarki ita ce kin gama digirin farko a ilimin dabbobi, kin kammala bautar ƙasa, kuma ranki na kan binciken ƙwayoyin gadon namun daji domin a cece su daga ƙarewa. To ki shiga digiri na biyu a nan gida inda za ki riƙa shiga daji, ko ki zauna jiran tallafin karatu zuwa Turai ko Amurka inda injinan suke? Ni dai na fi karkata ga ki fara a gida, amma da sharaɗi guda da zan zo kansa.

Labarin raƙumin dawa na Nijar zai nuna miki yadda aikin ya rabu gida biyu. A 1996 guda 49 kacal suka rage a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Ana ta kwantar da hankali cewa ai akwai irinsu a gidajen namun daji na Turai, ko na dawa sun ƙare za a iya dawo da su. Sai a 2007 gwajin DNA, wato ƙwayoyin gado, ya nuna waɗanda ke Turai ɗin na Kordofan ne, wato irin na Chadi da Kamaru, ba na Afirka ta Yamma ba. Ke nan garken Nijar shi kaɗai ne a duniya, ba shi da ajiya a ko'ina. A 2016 kuma Julian Fennessy da Axel Janke da abokan aikinsu suka nuna raƙuman dawa jinsi huɗu ne ba ɗaya ba, matsayar da IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta amince da ita a 2025. Su Fennessy ne suka bi dazuzzukan Afirka suna harba wata 'yar allura mai gutsuro ɗan ƙanƙanin fata, shi kuma Janke ya karanta samfuran a ɗakin gwajinsa na Frankfurt a Jamus. Kujerun nan biyu ne kike tambayar wacce za ki fara zama a kai.

A gida, ranar aikinki tana farawa kafin gari ya waye, kina bin sawu tare da masu gadin daji. Kuma ki shirya, domin yawancin abin da za ki tara kashi ne. Zaki ko giwa ba za su tsaya ki ɗebi jininsu ba, sa musu allurar barci kuwa tsada ne da haɗari da tarin izini. Amma duk dabbar da ta yi kashi, 'yan ƙwayoyin bangon hanjinta suna maƙale a bayansa, a cikinsu DNA ɗin yake. Rana da zafi da ruwan sama suna lalata shi cikin gaggawa, shi ya sa ake neman ɗanye, a kankare bayansa kawai, a jefa cikin kwalbar itanol ko cikin ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, a rubuta lamba da kwanan wata da wurin da GPS ta nuna. Kwalbar da lambarta ta goge ta zama shara, komai wahalar da aka sha kanta. Da rani aka fi yin aikin, lokacin da ciyawa ta kwanta dabbobi suka taru a bakin ruwa, kamar kogin Gaji a Yankari, inda ƙudan tsando zai yi miki maraba.

Babbar ribarki a nan ita ce harshe da zama ɗiyar ƙasa. Makiyayin da zaki ya kashe masa saniya daren jiya ya fi kowace taswira sanin inda za ki nufa, kuma ba zai buɗe cikinsa ga baƙon da ya zo da tafinta ba. Manomin Kure da raƙumin dawa ke cinye masa wake da mangwaro shi ma yana da maganar da ba ta cikin kowace kwalba. Waɗannan raƙuma ba a cikin shinge suke ba, a gonakin mutane suke kiwo, kuma da haƙurin mutanen ne yawansu ya haura 600 har a 2018 aka kwashi 8 zuwa Gadabeji a jihar Maraɗi.

Matsalar gida kuwa tana farawa ne daga lokacin da kika fito daga daji. Samfuri yana son firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, wani ma 80, kuma ba ya son a ɗauke wuta ya narke ya sake daskarewa. Kin san halin wutarmu. Sinadaran gwaji duk daga waje ake sayo su da dala, wasu dole su iso cikin ƙanƙara, in suka kwana biyu a hannun kwastan sun tashi aiki. Ga tsaro: a watan Agusta na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 8 a yankin raƙuman dawa na Kure, ciki har da jagoransu ɗan Nijar, kuma gandun dajin W da ke kan iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso da na tafkin Kainji sun sha fama da masu ɗauke da makamai. Kafin ki ɗora digirinki kan wani daji, ki tabbatar ana iya shiga cikinsa.

A waje, duk waɗannan babu. Wuta ba ta ƙiftawa, sinadarin da kika yi oda yau gobe yana kan teburinki. Sai dai kada ki zaci rayuwar ta fi armashi. Za ki yi watanni cikin farar riga da safar hannu kina ɗiga ruwan da ido da ƙyar yake gani daga wannan kwalba zuwa waccan. DNA na kashi kaɗan ne kuma a ragargaje, don haka injin PCR mai ninka shi yakan yi ƙarya: kowace dabba tana da kwafi biyu na kowane gurbin gado, na uwa da na uba, sai ɗaya ya ƙi bayyana. In ba ki lura ba, zaki ɗaya sai ya fito miki a matsayin zakuna biyu, ko garke lafiyayye ya yi kama da wanda barbarar dangi ta cinye. Maganinsa maimaici, samfuri ɗaya sau uku, sau biyar, har sakamakon ya tsaya cak. Wani lokaci kuma gwajin ya gaya miki abin da aka kawo da sunan kashin zaki na kura ne.

Bayan wannan sai kwamfuta, kuma nan ne yawancin lokacin mai wannan sana'a yake tafiya a yau. Kundin gadon zaki ɗaya yana da haruffa fiye da biliyan 2. Karanta su ya yi arha ƙwarai, domin na ɗan Adam da ya kai kusan dala miliyan 100 a 2001 yanzu bai kai dala 1,000 ba. Abin da bai yi arha ba shi ne mutumin da zai zauna ya fitar da ma'ana daga wannan tulin.

Akwai kuma abubuwan da takardar tallafi ba ta faɗa. Galibi kuɗin na aikin malaminki ne, shi ke zaɓar dabba. Kina iya tafiya da mafarkin giwayen Yankari ki ƙare kan kifin salmon ko kyarkecin arewacin Turai, ilimin ɗaya ne amma shekaru huɗu sun wuce ba ki taka dajinku ba. Digirin digirgir yakan ci shekara uku zuwa huɗu a Turai, biyar zuwa shida a Amurka, bayansa sai kwantiragin bincike na shekara ɗaya zuwa uku, daga wannan gari zuwa wancan, bizarki a ɗaure da kwantiragin. Ga mai iyali ko mai shirin yi, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Wajen kuɗi, na waje ya fi kwanciyar hankali muddin tallafin na gudana, irin su DAAD na Jamus da Commonwealth na Birtaniya. Na gida tsinto-tsinto ne, amma akwai ƙofofin da aka buɗe musamman domin masu aiki a ƙasashensu: ƙananan tallafin gidauniyar Rufford, shirin Conservation Leadership Programme, da shirin EDGE na ƙungiyar nazarin dabbobi ta Landan. Ba su sayen injin karanta DNA, amma suna biyan mota da mai da kwalabe da alawus ɗin masu rakiya.

Sai maganar izini, wadda ɗalibai suka fi rainawa. Yankari na hannun gwamnatin jihar Bauchi, Kainji da Gashaka Gumti kuwa na hukumar gandun daji ta ƙasa, kowanne da takardarsa. Fitar da fata ko jini ko ɗan gutsuren haure na dabbar da ke cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke barazanar ƙarewa, yana buƙatar izinin fitarwa. Ga yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, da ta tanadi cewa ƙasa ce ke da iko kan albarkatun gadon halittunta, sai da yardarta da kuma rabon amfani. Ɗalibin da ke waje yakan yi watanni yana jiran waɗannan takardu ta imel. Ke da kike gida za ki iya zuwa ofishin da ƙafarki, ki gaisa da malamin daji, ki dawo mako mai zuwa. Wannan ya sa masu ɗakunan gwaji na waje suke buƙatarki fiye da yadda za su nuna.

To ga sharaɗin. Haɗarin hanyar gida shi ne ki zama mai tara samfuri kawai. Ki sha rana da cizon ƙuda, a kwashi kwalaben a tafi, bayan shekara biyu maƙala ta fito sunanki yana can ƙasa a layin godiya, ba cikin marubuta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ke hana haka shi ne ki iya nazarin bayanan da kanki. Wannan ba ya buƙatar janareta ko firiza, laftof da data sun isa. Ki koyi manhajar R ta nazarin alƙaluma, ki saba da rubuta umarni a tsarin kwamfuta na Linux, ki riƙe lissafin gadon garke da kyau, musamman yadda ƙaramin garke ke zubar da bambancin gadonsa tsara bayan tsara. Rumbun GenBank na bayanan gado da ke intanet kyauta ne, cike yake da bayanan zakuna da giwaye da raƙuman dawa da wasu suka riga suka karanta. Ki sauko da su, ki ɗauki wata maƙala da aka wallafa, ki gwada ko za ki fitar da sakamako irin nasu. Ranar da kika iya, kin daina zama 'yar aike.

Kuma akwai wadda ta riga ki haɗa hanyoyin biyu. Dakta Talatu Tende ta APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye da ke Laminga kusa da Jos mai gudanar da digiri na biyu kan kare halittu tare da Jami'ar Jos, ta tattara kashin zakuna a Yankari da Kainji, ta yi nazarin DNA ɗinsu a Jami'ar Lund ta Suwidin inda ta yi digirin digirgir, ta tantance zakunan ɗaya bayan ɗaya ba tare da kama ko guda ba. Tambayar tata ce, dajin nata ne, injin kawai ta je nema.

Zakunan nan ma su ne hujjata mafi ƙarfi. Binciken da Philipp Henschel ya jagoranta, wanda ya fito a 2014, ya ƙiyasta kusan 400 ne suka rage a duk Afirka ta Yamma, mafi yawansu a dajin W da Arli da Penjari da ya haɗa Nijar da Burkina Faso da Benin, sai 'yan tsiraru a Yankari da Kainji da Niyokolo-Koba na Senegal. Aikin Laura Bertola a Jami'ar Leiden kuma ya nuna zakunanmu sun fi kusanci da na dajin Gir a Indiya fiye da na kudancin Afirka, har a 2017 aka haɗa namu da na Indiya a rukuni ɗaya. Garken da ya ƙanƙance kamar na Yankari, dangi ne ke barbarar dangi, kuma wani lokaci sabon jini ne kaɗai mafita, kamar yadda aka yi a Florida a 1995 da aka kawo mata 8 na damisar dutse daga Texas garken ya farfaɗo. Amma daga ina za a kawo? Na Afirka ta Kudu sun fi sauƙin samu, kuma su ne ba su dace ba. Ranar da za a yanke irin wannan shawara a Bauchi ko Abuja ko Yamai, ana buƙatar wanda ya karanta bayanan da kansa kuma ya san makiyayan da za su kwana kusa da zakunan.

Kan aikin yi bayan karatu, a gida guraben da aka rubuta wa wannan fanni da sunansa kaɗan ne. Galibi koyarwa ce a jami'a, ko aiki da ƙungiyoyin kare namun daji irin su WCS da NCF da Sahara Conservation, inda binciken gado zai zama ɓangare ɗaya na aikinki. Fannin da ke da makoma shi ne gano asalin kayan fasa-ƙwauri. Samuel Wasser na Jami'ar Washington ya haɗa taswirar gadon giwaye daga kashinsu, a 2015 ya nuna yawancin manyan kamun haure daga yankuna biyu suka fito, Tanzaniya da arewacin Mozambik, sai dazukan da suka haɗa Gabon da Kongo da Kamaru. Najeriya kuwa ta zama babbar mashigar haure da ɓawon pangolin, dabbar nan mai sulke a jiki, tashoshin Legas sun sha ganin kamu. In ma kin gaji da dabbobi, hannun da ya iya wannan aiki zai samu gurbi a binciken cututtuka, irin wanda ake yi a cibiyar binciken gadon ƙwayoyin cuta da ke Ede a jihar Osun.

In da a ce takardar cikakken tallafi tana hannunki yau, da na ce ki tafi, kada ki tsaya. Amma zaman jira shekara biyu ko uku ba ki tara komai ba, shi ne ban yarda da shi ba, domin masu ba da tallafin digirgir sun fi sauraron wadda ta zo da samfuranta da izininta da tambayarta. Duk malamin da za ki yi aiki da shi, na gida ko na waje, ki tambaye shi abu uku tun kafin ki ɗebi kwalba ɗaya: a ina za a ajiye samfuran, wa zai yi nazarin bayanan, kuma sunan wa zai zo farko a maƙalar. Ki sa ya ba ki amsar a rubuce.