Wane littafi za ka saya in kana son koyon kodin?

Kafin ka zaro kuɗi, juya bangon littafin ka duba shekarar da aka buga shi, wannan ya fi kaurinsa muhimmanci. Python misali, ɗaya daga cikin yarukan kodin, tun 1 ga Janairun 2020 aka daina kula da Python 2 gaba ɗaya, amma har yanzu littattafansa na nan jibge wajen masu tsofaffin littattafai a bakin makarantu, ga araha, shi ya sa ɗalibai ke ta kwasa. Gane shi ba wuya, buɗe babin farko, in ka ga print "sannu" haka tsirara ba baka a gefe to tsohon ne, ajiye musu kayansu, don in ka rubuta shi a Python 3 kuskure kawai zai dinga watso maka kai kuma ka ɗauka kanka ne ba ya ja.

Ga wanda bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, littattafan Python guda biyu ne ake ta muhawara a kansu, kuma duk kamfanin No Starch ne ya buga su, duk a 2015 suka fara fitowa. Akwai Python Crash Course na Eric Matthes, akwai Automate the Boring Stuff with Python na Al Sweigart. Na Matthes ya rabu biyu, rabin farko tushe ne daki-daki da atisaye a ƙarshen kowane ɗan sashe, rabi na biyu kuma aiki uku ne manya, ka haɗa gem na harbin jiragen sama, ka zana bayanai su zama jadawali, sannan ka gina shafin intanet da Django, wato kayan aikin gina shafuka na Python. Bugu na uku na 2023 shi za ka nema, don Django na canzawa sosai kuma tsohon bugu zai sa ka yi ta faɗa da kwamfuta a banza.

Na Sweigart kuwa halinsa daban, bai damu ya mayar da kai injiniya ba, so yake gobe in ka je ofis aikin da ke cinye maka wuni, irin su tattara sunaye daga fayil ɗin Excel ɗari ko sake wa takardu suna ɗaya bayan ɗaya, ka sa kwamfuta ta yi kafin shayinka ya huce. Ma'aikacin gwamnati, akanta, malamin makaranta mai haɗa sakamakon jarrabawa, wannan naku ne wallahi. Kuma marubucin da kansa ya sa shi kyauta a shafinsa, halak malak, ba sai ka bi ta gurup ɗin Telegram ba. Ni dai in kuɗin littafi ɗaya gare ka, sayi na Matthes, ka karanta ɗayan a intanet.

In shafukan intanet ne burinka to yaren JavaScript za ka nufa, nan kuma Eloquent JavaScript na Marijn Haverbeke ake yawan ambata, shi ma kyauta ne, har kana iya gwada kod ɗin a cikin shafin kai tsaye. Sai dai fa babukan farko suna lallaɓa ka, kana zuwa tsakiya ya miƙe da gudu, Turancinsa ma da ɗan nauyi. Ban ba sabon shiga shawarar ya fara da shi ba sai in yana da wanda zai dinga tambaya.

Sai waɗanda ake saya don a gani a kan tebur. The C Programming Language na Kernighan da Ritchie, 1978, bugu na biyu 1988, ɗan siriri ne kuma Ritchie ɗin shi ya ƙirƙiro yaren, amma sun rubuta shi ne don wanda ya riga ya iya wani yaren. Introduction to Algorithms kuwa ya haura shafi dubu, lissafi ne zalla, bar shi sai an sa ku a aji uku na jami'a. Clean Code ma haka, wanda bai rubuta kod mai datti ba tukuna me zai wanke?

Takarda ko PDF? Takarda ba ruwanta da an ɗauke wuta, kuma dole ta sa ka buga komai da yatsunka, a nan hannu ke sabawa. PDF ya fi araha nesa ba kusa ba musamman yadda dala ta yi, amma mai kwafa ya liƙa zai sha mamaki, don Python da tazarar farkon layi yake gane wane umarni ke ƙarƙashin wane, kuma kwafa daga PDF yakan hargitsa tazarar. Hoton kwafi mai dishi-dishi ma haka, ka kasa bambance waƙafi da ɗigo.

Wanda waya kawai gare shi zai iya bin rabin farkon littafin Matthes da manhajar Pydroid 3 a Android, amma kafin ya kai ga Django gara ya nemi laftof ko da ta hannu ce.