Dahuwar naman barewa irin ta matafiyan Oregon: wane nama da wace tukunya ya kamata a saya?

Tsakanin shekarun 1840 da 1860, dubban iyalai sun tashi daga garin Independence na jihar Missouri a Amurka cikin amalanken da shanu ke ja, suka nufi kwarin Willamette a Oregon, tafiyar kusan kilomita 3,500 da takan ci wata huɗu zuwa shida. Guzurinsu fulawa ne da wake da kofi da naman alade mai gishiri, saboda haka duk ranar da maharbi ya dawo da barewa, sai a ɗora tukunyar ƙarfe a bar naman ya daɗe a wuta, wadda a filayen da babu itace da busasshen kashin ɓauna ake hura ta. Mai son yin wannan girki a yau ya fara da zaɓen nama.

Naman barewa ba shi da kitse sosai, kuma a nan ne masu saye suka fi yin asarar kuɗi. Tsokar gadon baya ita ce mafi tsada da laushi, amma gashi na 'yan mintoci ya dace da ita. Idan ta yi awa uku a tukunya sai ta bushe ta yi tauri. Kafaɗa da wuya da ƙwauri sun fi araha, kuma jijiyoyin da ke cikinsu su ne ke narkewa a hankali su ba romon kauri da danƙo. A ganina kafaɗa ce ta fi, domin tana da tsoka isasshiya, ƙwauri kuwa a haɗa shi da ƙashinsa saboda ɓargo. A nemi jan nama mai duhu, a yanke farin kitsen da ke jikinsa, domin shi ne ke kawo ƙarni yana kuma daskarewa a dasashi.

A Amurka doka ta hana sayar da naman dajin da aka farauto, don haka na kanti daga gonakin kiwo yake fitowa, da yawansa daga New Zealand. Na kiwo ɗanɗanonsa bai kai na daji ƙarfi ba, amma an san asalinsa. Musulmi ya tambayi yadda aka yi yanka kafin ya biya, ya kuma sa kitsen saniya ko man shanu a madadin kitsen aladen da matafiyan suka yi amfani da shi.

Batun tukunya ya danganta da wutar da za a yi girkin a kai. Idan gawayi ne, babu kamar tukunyar ƙarfen zubi mai ƙafa uku, wadda murfinta ke da baki a ɗage don a zuba garwashi a sama, zafi ya kama naman ta sama da ƙasa. Kamfanin Lodge na jihar Tennessee, wanda aka kafa a 1896, yana ƙera mai faɗin inci 12 da ke ɗaukar kusan lita 6, wadda za ta ishi nama kilo biyu tare da dankali da karas da albasa. Tana da nauyi ƙwarai, kuma tana tsatsa idan ba a busar da ita an shafa mata mai bayan wanki ba. Irin ta Le Creuset ta Faransa, mai shafe kamar na kwanon samira, ba ta tsatsa kuma tumatir ba ya yi mata illa, sai dai tsadarta ta ninka, kuma garwashi na iya fasa shafen, don haka ta kan gas ce ko oben. Tukunyar dalma da aka saba da ita ma za ta yi, amma ba ta riƙe zafi kamar ƙarfe, dole ne a rage wuta a riƙa duba ruwa har naman ya fara rabuwa idan an taɓa shi da cokali, abin da kan ɗauki awa biyu da rabi zuwa uku.