Aikin kwastoman ɓoye a wurin wasan yara, ga yadda tawa ta kasance

Masu ta tambayata a WhatsApp ko aikin nan na kwastoman ɓoye gaskiya ne ko damfara, to gaskiya ne, sun biya ni, amma ku tsaya ku ji tukun kafin ku ba da sunanku. Ga wadda ba ta sani ba, kamfani ne ke tura ki wani wuri ki je kamar kowa, ki sayi tikiti da kuɗinki ki shiga, ma'aikata ba su san aiko ki anka yi ba, in kin dawo ki cika fom a waya. Masu wurin ne ke biyan kamfanin don su san mi ma'aikatansu ke yi in ba su nan. Ni ƙanwar maigidana ta sa ni ciki kuma ko sisi ba su karɓa na rajista ba, duk wanda ya ce ki turo kuɗin fom tukun, ki toshe lambarshi kawai.

Wurin da sunka ba ni wani filin wasan yara ne nan cikin Sakkwato, ba zan faɗi suna ba don yarjejeniyar ta hana. Kashegarin ƙaramar Sallah ce ta 2024, wadda ta faɗo cikin Afrilu, kuma wai dole in shiga tsakanin ƙarfe 1 da 3 na rana. Jama'a, Afrilun Sakkwato fa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, wa ke fitar da yara kafin la'asar? Na gaya ma yarinyar kamfanin da ke kula da mu ta ce haka masu wurin sunka nema, ba a canzawa. Na ce to, tunda yara sun riga sun ji labari sun sa kayan Sallah tun safe, munka hau Keke daga Mabera.

Abin da ake so ki lura da shi kam da yawa, minti nawa kika yi a layi, mai tikiti ya gaishe ki ko bai gaishe ki ba, tsaftar makewayi, ki sayi abin sha ki ga ko canji ya cika, ana ɗaure ma yara bel ko a'a, ki ɗauki hotuna kamar na yaranki kike ɗauka. Ba a rubutu gaban mutane, sai dai ki riƙe a kai ki laɓe ki rubuta. Wannan duk ba wuya, uwa dama idonta na kan waɗannan abubuwan ko ba a biya ta ba.

Abin da ya sa nake wanga rubutu wani yaro ne mai kula da ɓangaren ƙanana, ba zai wuce sa'ar ɗan yayata da ya gama sakandare ba. Da munka isa wajen abin sulun nan na ƙarfe sai na ga ya gitta benci a bakin matakalar, ya tsaya gaba cikin rana ba ya barin kowa ya hau. Ɗiyata ta fasa kuka, ni kuma raina ya fara ɓaci don na biya. Sai ya ce, "Inna ki yi haƙuri don Allah, taɓa nan ki ji." Na ɗora bayan hannuna, wallahi kamar tandar masa da anka sauke yanzu, da yarinyar ta zauna da 'yar rigar leshin nan mara kauri sai dai asibiti. Ana haka wani Alhaji ya zo da yara shina ta faɗa, shi ya biya kuɗinshi, a kira mishi manaja, yaron nan bai ɗaga murya ba, "Baba ka yi haƙuri, da la'asar zan buɗe" kawai yake maimaitawa, zufa na zuba har rigarshi ta manne da baya. Ya kwashe yaran duka har da na Alhajin ya kai su lilon da ke ƙarƙashin dogon yaro, ya fasa fiya watan da ya saya don kanshi ya yayyafa a kujerun ya goge da hularshi, kowane yaro sai ya ja bel ɗin da hannu ya tabbatar ya kama kafin ya tura. Can kuma janareta ya mutu yara na kan ɗan jirgin nan mai juyawa, shi ne dai ya rugo ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya shina musu wasa don kar su tsorata. Na dawo gida ina ta sa mishi albarka, na ce wanga aiki ya yi, ashe akwai hanyar da mutum zai yaba ma talaka har maganar ta kai kunnen ubangidanshi.

Sai da na buɗe fom da daddare murnata ta koma ciki. Tambaya ta ce, duk kayan wasa a buɗe suke, e ko a'a. Gaskiya a'a ne. Wata ta ce ma'aikaci na sanye da cikakken yunifom, to hular tana hannunshi jiƙe. Wata kuma wai an samu kwastoma na ƙorafi a gabanki, e mana, Alhaji. Duk abin kirkin da yaron nan ya yi, a fom ɗinsu ya koma maki ne ake cire mishi. Na zauna na rubuta bayani a ɗan akwatin da ke ƙasa har ya ƙi karɓar ƙari, washegari sunka dawo mini da shi wai in cire, ra'ayina ne, su abin da ido ya gani suke so. To ba idona ya gani ba? Ba hannuna ya taɓa ƙarfen ba? Na kira yarinyar kamfanin na ce mata ƙanwata, wanda ya tsara fom ɗin nan bai taɓa tsayawa a ranar Sakkwato ba, in kunka tura shi haka yaron da ya kamata a ƙara ma albashi shi za a zaftare ma, ni ba da hannuna ba, gara ku riƙe kuɗinku. Da ƙyar sunka bar mini layi biyu. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

Maganar kuɗin ma da na ce sun biya, e sun biya, amma ba duka ba. Mai tsaron ƙofa yaga tikiti yake yi, sai da na haɗa gutsattsarin na ɗauka a hoto kafin su yarda. Mai askirim da mai zobo kuwa ina sunka ga rasit, wannan ya tafi a aljihuna duk da su sunka ce in saya. Kuɗin Keke zuwa da dawowa babu shi a lissafi, kuma kun san yadda abin hawa ya koma tunda anka cire tallafin mai a 2023. Alat ɗin ma sai da na yi ta tuni har na fara jin kunya.

Don haka mai ganin za ta samu na cefane da wanga aiki ta nemi wani abu, in dai dama kina da niyyar kai yara ne to zai rage miki kuɗin shiga, iyakarta ke nan. Sun sake turo mini wani, na ce sai in bayan la'asar ne, da kuɗin Keke a ciki, kuma a ba ni wurin da zan rubuta bayani ba mai goge mini.