Cibiyar gyaran hali a Katsina: abin da ta iya yi wa mai shan giya da abin da ta gaza

A Katsina ana iya ambaton kodin da tiramol da wiwi a kowace majalisa, domin da wuya a sami unguwar da ba ta da yaron da suka lalata, amma giya ba a kiran sunanta sai da raɗa. Tun da jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000 aka hana sayar da ita a fili, sai dai hakan bai hana wanda ya riga ya kamu samun abin da yake nema ba, ko dai a kasuwar bariki, ko a tsallaken iyaka ta hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko kuma a 'yar ledar giyar nan da ake sokewa a aljihun 'yar ciki. Abin da wannan ɓoyo ya haifar shi ne iyalin mashayi ba su san inda za su nufa ba, kuma idan sun nufa sukan isa a makare, bayan hanta ta taɓu, aure ya girgiza, jari ya karye.

Cibiyar da zan yi bayani a kanta mai zaman kanta ce, tana wajen ganuwa, kuma na bar sunanta domin rufin asirin waɗanda ke kwance a cikinta. Wanda muka kai yayana ne, magidanci da ya haura shekara arba'in, direban babbar mota mai ɗaukar shanu zuwa Legas da Fatakwal. Bai fara da niyyar shan giya ba. Ya fara ne da jiƙon maganin ciwon baya da basir da ake sayarwa a tashoshin mota na kudu, wanda saiwoyi ne aka jiƙa a ogogoro, wato barasar gargajiya mai ƙarfi, daga nan ya koma neman ogogoron ba tare da saiwar ba. Lokacin da muka yarda cewa abin ya fi ƙarfinmu, hannunsa ba ya iya riƙe kofin shayi da safe sai ya kurɓa, idanunsa sun yi ɗorawa kamar mai shawara, kuɗin cefane ya daina shiga gida, matarsa kuma ta yi yaji da yara.

Ɓangaren da cibiyar ta fi ƙwarewa a kai shi ne makon farko, kuma a wurin mai shan giya wannan makon shi ne na rai da mutuwa. Likitan da ya karɓe mu bai fara da faɗa ko wa'azi ba. Ya tambayi Yaya yaushe ya sha ta ƙarshe, leda nawa yake sha a yini, ko ya taɓa yin jijjiga a lokacin da ya yi ƙoƙarin dainawa, ko yana haɗawa da ƙwaya. Da ya ga yana rage adadin saboda ina wurin, sai ya ce mini, "Malam, ɗan ba mu wuri," sannan ya ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, domin da amsarsa za a auna maganin da za a ba shi. An duba hawan jini da sukari, an ɗebi jini domin ganin halin da hanta take ciki, an kuma yi gwajin ciwon hanta nau'in B. Wannan gwaji na ƙarshe ya burge ni ƙwarai, domin binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da wannan cuta, kuma idan giya ta haɗu da ita a hanta ɗaya, lalacewar tana saurin kaiwa ga ƙanƙancewar hanta ko ciwon daji.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wanda jikinsa ya saba da giya kullum, tsayar da ita farat ɗaya ba tare da kulawar likita ba yana iya kashe shi. Giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwa sai ta ƙara ƙaimi domin ta daidaita, don haka idan aka janye giyar kwatsam sai ƙaimin ya rasa abin da zai taka masa birki. Karkarwa da zufa da amai sukan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe, jijjiga irin ta farfaɗiya tana iya zuwa cikin kwana biyun farko, ruɗewa mai tsanani da gane-gane kuma sukan bayyana bayan awa 48 zuwa 72. Haka kuwa ya faru. A dare na uku Yaya ya jiƙe sharkaf da zufa, yana kakkaɓe jikinsa yana cewa ƙwari na bin ƙafafunsa, yana kiran yaron motarsa ya sa wa taya weji. Hajiyarmu, wadda ta matsa sai ta kwana kusa, ta tabbatar a ranta cewa iska ce ko sammu, ta ce a kira mai ruƙiyya. Nas ɗin da ke aikin dare, mutum mai sanyin murya, ya durƙusa ya ce mata, "Mama, ki yi ta yi mashi addu'a, Allah shi karɓa, amma ki bar mu mu yi mashi allura, wannan ciwo mun san shi." Ya bar fitila a kunne domin duhu yana ƙara gane-gane, ya riƙa auna bugun zuciya da hawan jini a kai a kai, yana maimaita masa cewa, "Alhaji, asibiti kake, ga ƙanenka nan." An ba shi diazepam, maganin kwantar da jijiyoyi, gwargwadon tsananin alamomin, ana rage shi a hankali, tare da allurar bitamin B1, wadda ake yi domin kare ƙwaƙwalwa daga lalacewar da ke barin wasu mashaya da mantuwa ta har abada. Ban ga an ɗaure shi ba, ban ga an daka masa tsawa ba.

Dole in auna wannan da abin da muka saba da shi. A watan Oktoban 2019 'yan sanda sun kai samame wani gidan mari a Daura inda suka fitar da mutum 67, kwanaki kaɗan bayan haka kuma aka fitar da ɗaruruwa daga wani a cikin birnin Katsina, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, mutane ne da suka rasa mafita, kuma har yau idan shaye-shaye ya addabi gida shawarar farko da ake bayarwa ita ce a kulle mutum a ɗaki sai ya dawo hayyacinsa. A wurin mai shan giya sosai, wannan kullewar ita ce mafi haɗarin abin da za a yi masa. Saboda wannan kaɗai ina ganin samuwar irin wannan cibiya alheri ne ga garin.

Malamin da ke zuwa cibiyar yi wa majinyata nasiha shi ma ya cancanci yabo. Bai sassauta hukunci ba, ya karanta musu ayoyin Ma'ida da suka haramta giya, amma ya tuna musu cewa haramcin ya sauka ne mataki-mataki, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, ya kuma kawo hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tsine wa mutumin da aka sha kawowa saboda shan giya, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Mutumin da ya daɗe yana ganin kansa tsinanne, har ya daina shiga sahu saboda kunya, wannan magana ta fi masa amfani da tsoratarwa ɗari.

Daga nan ne aikin cibiyar ya fara yin rauni. An tsara zaman tattaunawarta ne domin samari masu shan kodin da ƙwaya da wiwi, kuma na fahimci dalili, domin su ne mafi yawa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a rahotonsa na 2018, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma, kuma wannan lissafi bai haɗa da giya da taba ba. Hankalin kowa yana can, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya a shekarar 2019, miliyan 2 daga cikinsu maza. Sai ga shi an zaunar da magidanci mai 'ya'ya a da'ira ɗaya da yaran da ya haifi sa'o'insu, ana so ya faɗi yadda ya ci amanar iyalinsa a gabansu. Bai taɓa buɗe baki ba, kuma duk wanda ya san kunyar Bahaushe ba zai ga laifinsa ba. Mai jagorantar zaman yana da kirki, amma yana karanto darasin daga takardar Turanci yana fassarawa, misalansa duk na ɗan makaranta ne da abokan banza, babu ko ɗaya da ya shafi mutumin da sana'arsa ce take kai shi bakin mai sayar da jiƙo kowane mako.

Abinci ma bai dace da mai wannan ciwo ba. Mashayi yakan zo ne jikinsa a rame saboda ya daɗe ba ya cin abin kirki, amma abin da ake bayarwa koko ne da safe, shinkafa da rana, tuwon masara da miyar kuka tsararo da dare, sai mu muke kai ƙwai da wake da nono. Ana kashe janareto da tsakar dare, ɗakunan kuma suna riƙe zafi. Likita ba kullum yake zuwa ba bayan makon farko.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka manta da matarsa. Ita ce ta sha zagi da dare, ita ce ta sayar da 'yan kunnenta ta biya kuɗin makarantar yara, ita ce ta yi shekaru tana rufa masa asiri a wurin danginta, kuma wurinta zai koma. Duk tsawon zamansa ba a kira ta an zauna da ita ba, ba a bayyana mata cewa komawa ruwa abu ne da ke yawan faruwa a wannan ciwo ba, ba a gaya mata alamomin da za ta lura da su ko wanda za ta kira ba. Da na yi wa shugaban wurin magana, ya amsa da ladabi cewa za a duba, amma ba a duba ba. Haka nan akwai magungunan da ake amfani da su domin rage sha'awar giya bayan an daina, irin su naltrexone da acamprosate, waɗanda likita ne ke tantance wanda suka dace da shi bisa halin hantarsa da ƙodarsa, amma ba wanda ya tayar da maganarsu sai da na tambaya, aka ce ba su ajiye su. Ranar sallama aka miƙa mana takarda da ranar dawowa ganin likita, aka yi addu'a, aka buɗe ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shirin komawar mutum gida ya kamata a fara shi tun yana kwance: wane aiki zai koma, wa zai riƙe masa kuɗi, me zai yi idan sha'awar ta taso a tashar da ya saba. Yaya ya koma hanyar kudu, ya sake sha, kuma ba wanda ya kira daga cibiyar ya tambayi dalilin da ya sa bai zo ranar da aka ba shi ba. Mu ne muka lallashe shi ya koma wurin likita, muka kuma nema masa ƙaramar mota da yake jigila tsakanin Katsina da Daura yana kwana a gida.

Kuɗin wurin yana da nauyi. Abin da muka biya na wata ɗaya ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da dama, ban da gwaje-gwaje da magungunan da ake rubutowa a sayo a waje, waɗanda ba a ambata mana su tun farko ba. Babu kuma ɓangaren mata, alhali akwai matan da ke fama da shaye-shaye a cikin gidaje, kuma ɓoyon da ake yi musu ya fi na maza tsanani. Wanda ba shi da halin biya kada ya ɗauka ba shi da wurin zuwa: akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitocin gwamnati a nan Katsina, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano. Wanda kuwa yake aman jini, ko cikinsa ya kumbura, ko ya fara jijjiga, sashen gaggawa na babban asibiti ya kamata a nufa da shi kai tsaye.

Ga magidancin da ke shan giya kullum kuma yana son dainawa, zan ba da shawarar wannan cibiya domin makon farko ba tare da wata tantama ba. Amma kafin a biya ko sisi, mai kai shi ya nemi a rubuta masa jimillar kuɗin har da na gwaji da magani, ya tambaya ko akwai nas da ke kwana da likitan da za a iya kira da dare, ya tabbatar an nemi yardar majinyacin kamar yadda Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta ba shi haƙƙi, sannan ya kafa sharaɗin cewa za a zauna da matarsa ko iyayensa kafin ranar sallama, a kuma ba su lambar ma'aikacin da zai riƙa bibiyarsa bayan ya koma gida.