Kason jami'a ko tallan kamfani: wanne ya fi wa ɗan wasa?

Ana yawan tambayata wanne ya fi wa ɗalibi mai buga wa jami'a wasa a Amurka: kason da jami'ar ke biya daga kuɗin shigarta, ko talla da sunansa da hotonsa?

Talla ya riga zuwa, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta halatta shi a Yulin 2021. Ba a ƙayyade yawan kuɗinsa ba, amma harkar kasuwa ce: wanda ba shi da mabiya a Instagram, da wuya kamfani ya neme shi. A 2025 kuma aka sa ƙa'idar cewa cinikin da ya kai dala 600 sai an tantance shi. Abin da na fi tsoro shi ne yaro ya sa hannu bai karanta ba, ya mallaka wa kamfani hotonsa har abada a kan kuɗin takalmi.

Kason jami'a sai 2025 ya fara, bayan sulhun shari'ar House, ƙarar da wasu 'yan wasa suka kai NCAA. A shekarar farko, an yarda kowace jami'a ta raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5. Ba wahalar neman ciniki, sai dai 'yan ƙwallon Amurka da na kwando ke kwashe mafi tsoka.

Ɗan waɗannan wasanni biyu, kason jami'a ya fi masa tabbas. Mai tsere ko ninƙaya da ke da farin jini, talla ne nasa. Baƙo mai bizar karatu kuwa, ya fara ganin lauya.